Kububuwa a Cikin Akwatin Ɗumama Abinci: Lacca a Kan Koyil Mai Tartsatsi da Taransfomar Maikirowef

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, iyayenmu masu sana'ar gyaran kayan lantarki da na hango a sahun gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. An ba ni minti arba'in, kuma na yi alkawarin ba zan ci mana lokacin La'asar ba.

Wani yaro ne ya jawo wannan magana, ɗan maƙwabcina, mai koyon gyaran talabijin. Wata rana bayan Magariba ya same ni a ƙofar gida, ya miƙo min wayarsa yana ta murmushi. Bidiyo ne na wani Bature a garejin gidansa. Ya kafa bututu mai tsawon kamu biyu, ya naɗe shi da siririyar jar waya tun daga ƙasa har sama, ya ɗora masa wani zobe na ƙarfe kamar gammo. Da ya kunna, sai ga walƙiya mai launin shuɗi tana fita daga gammon, tana lasar iska, tana ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Yaron ya ce min, "Baba, na samu taransfoma biyu a wajen 'yan gwangwan, saura kafasita." Na ce suna ina? Ya ce a ƙarƙashin gadonsa. A daren na bi shi gida na karɓo su. Ya yi sati biyu yana gaishe ni da ƙyar, kuma ban ga laifinsa ba, domin ce masa na yi "bari" ban gaya masa dalili ba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya barin abu don an ce ya bari. Yau na zo in biya bashin dalilin.

Abin da ya burge shi ya burge manya kafin shi, kuma da shi aka gina rabin duniyar da muke ciki. A 1831 Michael Faraday ya gano a Landan cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya canza a kusa da naɗin waya, wuta tana haifuwa a cikin naɗin. A 1836 wani limamin coci ɗan ƙasar Ailan, Nicholas Callan, ya naɗa wayoyi biyu a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya gajera mai kauri, ɗaya doguwa siririya, ya riƙa haɗa batir yana yankewa, sai siririyar ta riƙa fitar da tartsatsi. Wani Bajamushe mai ƙera kayan gwaji a birnin Faris, Heinrich Ruhmkorff, ya gyara wannan na'ura ya yi mata rajista a 1851, har sunansa ya bi ta. Da irin wannan koyil Heinrich Hertz ya tabbatar da igiyoyin rediyo a 1887 zuwa 1888. Da shi Wilhelm Röntgen ya gano hasken hoton ƙashi a 1895. Da tartsatsi Marconi ya aika saƙo daga Ingila zuwa hayin tekun Atilantika a 1901. Ku kuma makanikai, jikan wannan na'ura yana hannunku kullum: koyil ɗin mota, wanda yake ɗaukar bolt 12 na batir ya mai da shi bolt dubu ashirin ko fiye, ya aika wa fulogi. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar fulogi ana tayar da mota ya san gaisuwarsa. Ni ma na sha, na kuma yi tsalle, amma ga ni a gabanku. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na'urar da ke cikin bidiyon yaron ta Nikola Tesla ce, wanda aka haifa a 1856 a ƙasar da ake kira Kuroshiya yanzu, ya yi hijira zuwa Amurka, ya yi wa wannan koyil rajista a 1891. A 1899 ya gina ƙaton gaske a garin Colorado Springs. Burinsa shi ne ya aika wutar lantarki ba tare da waya ba, ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe don haka, kuɗi suka yanke, aka rushe ta a 1917. Ya rasu a 1943 a ɗakin otal, ba shi da komai. Amma koyil ɗin ya wanzu, kuma dabararsa kyakkyawa ce. Ana cika kafasita da wuta mai ƙarfi. Idan ta cika, wutar ta tsallake wata 'yar rata tsakanin ƙarafa biyu, kafasitar ta juye abin da ke cikinta gaba ɗaya a cikin naɗin farko mai zagaye kaɗan. Wutar ba ta wucewa sau ɗaya ta tsaya, kai da komo take yi, sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Naɗi na biyu, dogon nan mai zagaye wajen dubu, an auna shi yadda zai yi rawa da wannan kiɗan daidai. Kun san lilo. Yaro ƙarami yana iya kai babba sama idan ya san lokacin turawa, kowace turawa tana hawa kan ta baya. Haka ƙarfin yake taruwa har ya kai bolt dubban ɗaruruwa a kan gammon, iska ta kasa riƙe shi, ta yage.

To, duk wannan yana buƙatar mai ciyar da kafasita, wato taransfoma mai ɗaga wutar gida zuwa dubbai. A nan maganarmu take. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da taransfomar fitilar talla, irin dogayen kwalaben nan masu haske ja da kore a saman shaguna. Ita tana kaiwa bolt 15,000, amma an gina ta yadda ba za ta ba da fiye da miliamfiya 30 ko 60 ba ko da an haɗe bakinta. Ita ma tana iya kisa, kada wani ya ce na wanke ta. Sai dai da fitilun zamani suka kore ta daga kasuwa, ta yi wuya ta yi tsada, sai ido ya koma kan abin da ke zube a kowace bola: tsohuwar na'urar maikirowef.

Ita wannan na'ura 'yar yaƙi ce. Bututun da ke cikinta, magnetiron, an inganta shi ne a Jami'ar Birmingham a 1940 don na'urar hango jiragen sama. A 1945 wani injiniya na kamfanin Raytheon, Percy Spencer, ya lura alewar da ke aljihunsa ta narke yana tsaye kusa da shi. A 1947 aka fara sayar da murhun maikirowef, ƙato kamar firji, sai a 1967 aka fito da na ɗorawa a kan tebur. Magnetiron yana buƙatar wajen bolt 4,000 kafin ya yi aiki. Taransfoma ce take ba da rabi, kafasita da dayod su ninka.

Na zo da ɗaya daga cikin biyun da na karɓe, ga ta nan a kan tebur, na yanke wayoyinta tun a gida. Wanda ya ɗaga zai ji ta kai kilo huɗu. Ku dubi naɗin ƙasa, waya mai kauri, zagaye ɗari biyu da wani abu. Nan wutar Nepa take shiga, bolt 230. Ku dubi na sama, waya siririya kamar zare, zagaye wajen dubu biyu. Nan take fita, kimanin bolt 2,000. Sai ku lura da wani abu da yawancin masu kallon bidiyo ba sa lura da shi: naɗin sama baki ɗaya kawai yake da shi a fili. Ɗaya bakin an ɗaure shi a jikin ƙarfen taransfomar. Ma'ana, gangar jikinta ma waya ce. A cikin murhu hakan daidai ne, domin an ɗaure ta da akwatin, akwatin kuma yana da wayar ƙasa. A kan benci ko a kan siminti, labari ya canza.

Nan wani zai ce, Malam, bolt 2,000 ai ba komai ba ne, kai da bakinka ka ce na fulogi ya kai dubu ashirin. Gaskiya ne. Zan ma ƙara muku. Raket ɗin kashe sauro da ake sayarwa a bakin titi yakan kai dubu biyu. Da hunturu, idan ka sauko daga mota ka taɓa ƙofa ka ji tsit a yatsa, ko ka yaye bargo cikin duhu ka ga 'yan taurari, wannan ma bolt dubbai ne. Ba wanda ya mutu da su. Dalili shi ne bolt ƙarfin turawa ne kawai, kamar tsayin tankin ruwa. Abin da yake kisa shi ne yawan abin da ya ratsa jiki da tsawon lokacin da ya ɗauka yana ratsawa. Raket da bargo da koyil ɗin mota kamar sirinji suke, ruwan yana fita da ƙarfi amma cokali ɗaya ne, ya ƙare nan take. Wannan ta kan tebur famfon 'yan kwana-kwana ce. Bayanta akwai soket, bayan soket akwai taransfomar unguwa, bayanta akwai Shiroro da Kainji. Ba ta gajiya.

Bari mu sa lissafi, domin ɗalibai su rubuta. Mutum yana fara jin wuta a miliamfiya ɗaya. A wajen goma zuwa goma sha biyar tsokar hannu tana ƙanƙamewa, ka kama waya ka kasa saki, shi ne muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga hamsin zuwa ɗari, idan ta bi ta ƙirji, zuciya tana rikicewa, ta bar bugu ta koma karkarwa, jini ya daina tafiya. Wannan taransfoma an gina ta ta ba da wajen wat dubu, wato kusan miliamfiya 500 tana cikin aikinta na yau da kullum, kuma idan aka haɗe bakinta tana ba da fiye da haka. Ninki biyar zuwa goma ke nan na abin da yake tsayar da zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan kare mutum daga wutar gida, shi ya sa da yawanmu wuta ta ja mu muka tsira. Amma da an wuce bolt 500 fata tana hudewa, wuta ta shiga nama da jini, waɗanda ruwan gishiri ne, ba sa tare komai. Kujerar lantarki da Amurka ta fara kashe masu laifi da ita a 1890, ƙarfin da ake sa mata wajen bolt 2,000 ne. Abin da yaron nan ya kwana a kansa ke nan.

Kuma duk abubuwan da muka saba dogara da su, a nan ba sa aiki. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne don bolt ɗari-ɗari, dubu biyu tana iya huda ta. Filaya mai hannun roba, idan ta gaske ce, iyakarta dubu ɗaya. Mitar da ke aljihunku, ku duba fuskarta, 600 ko 1,000 aka rubuta, wanda ya ɗora ta a nan zai iya rasa mitar da hannun tare. Testa kuwa kada ma a yi maganarta, domin ita ta jikinka take kammala zagayenta. Silifas ba kariya ba ne. Ba sai ka taɓa ba ma, kusantowa sosai ta isa, wutar ta tsallako ta same ka. Fis da bireka ba za su yanke ba, domin a wurinsu mutumin da yake mutuwa da kwanon miya da ake ɗumamawa duk ɗaya ne, wat dubu ne ake ja. Har na'urar nan mai yanke wuta idan ta ji miliamfiya 30 ta zurare zuwa ƙasa, wadda gidajenmu da yawa ba su da ita, ba ta ganin abin da ke faruwa a hayin taransfoma. Abin da ya shiga naɗin farko shi ya fito, lissafinta ya cika, sai ta yi shiru.

Abin takaicin shi ne, bayan duk wannan haɗari, taransfomar ba ta ma dace da aikin ba. Kallon kitse ake yi wa rogo. Iska tana buƙatar wajen bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita ɗaya. Saboda haka dubu biyu da ƙyar take kunna ratar tartsatsin. Idan kuma ta kunna, yawan wutar yana hana ta mutuwa, sai ta zama harshen wuta mai ci kamar na walda, alhali koyil ɗin Tesla yana son tartsatsin da zai kama ya saki, ya kama ya saki. Don su magance wannan sai masu abin su haɗa biyu, ko huɗu, wasu har shida, a jere. Kowace da aka ƙara tana ɗora wa 'yar takardar da ke raba naɗi da ƙarfe nauyin da ba a yi ta dominsa ba, shi ya sa za ku ga suna nutsa su cikin mai. Sannan ga zafi. Kamfani ya tsuke ƙarfe da waya don rage kuɗi, ya dogara da fanka da kuma cewa minti uku ko biyar za a kunna. Ko ba a ɗora mata komai ba tana jan wuta tana zafi. Wato kowace matsala aka toshe, an toshe ta ne da abin da ya ƙara yawan wuraren da mutum zai iya mutuwa.

Akwai kuma wata tatsuniya da ke yawo, wai wutar koyil ɗin Tesla a kan fata take bi, ba ta shiga jiki, shi ya sa ake ganin masu wasa suna taɓa walƙiyar. Abin da yake faruwa shi ne saurin kai da komonta ya fi ƙarfin jijiya ta ji, amma tana shiga, tana kuma ƙona nama. Mafi muni, walƙiyar nan hanya ce. Idan reshe ɗaya ya taɓa ka, wani reshen ya sauka a kan naɗin farko, to an shimfiɗa gada daga taransfoma zuwa ƙirjinka.

Wannan ba hasashe ba ne, an gani. A Amurka wata sana'a ta yaɗu ta hanyar YouTube da Facebook da TikTok: a shafa wa katako ruwan gishiri ko na soda, a kafa masa wayoyi biyu daga irin wannan taransfoma, wuta ta riƙa cin katakon tana zana rassa kamar bishiya. Zanen yana da kyau, ba na musu, kuma sunan wani masanin Jamus yake ɗauke da shi, Lichtenberg, wanda ya fara ganin irinsa a 1777. Ƙungiyar masu sassaƙar katako ta Amurka ta haramta shi a tarukanta tun 2017, kuma ta ƙirga mutum fiye da talatin da suka mutu a kansa cikin 'yan shekaru. A watan Afrilun 2022 mutum biyu suka mutu tare a wani gida a jihar Wisconsin, gidan kuma ya kama da wuta. Cikin waɗanda suka mutu a irin wannan har da masu aikin lantarki. Wannan a ƙasar da ake kiran motar asibiti ta zo cikin mintuna. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi wa naka. Mu da muke aiki a kan siminti, da gumi a hannu, da wutar da ake ɗaukewa a kawo ba sallama, fa? Ku yi tunanin wannan na ƙarshe da kyau. An ɗauke wuta, yaro ya manta bai zare fulogi daga soket ba, ya sa hannu yana gyara haɗi, sai aka kawo.

Iyayena masu gyara, ku wannan na'ura tana zuwa shagonku ko kuna so ko ba kwa so, don haka kalma biyu gare ku. Zare soket bai isa ba. Kafasitar nan mai kama da gwangwanin kifi tana iya riƙe wuta bayan an kashe. Akwai 'yar resisto a cikinta da take zuƙe wutar a hankali, amma tana lalacewa, kuma ba ta sanarwa idan ta lalace. A ɗauka kowace kafasita cike take har sai an sauke ta da kayan da aka yi don haka. Kada a gwada murhu a kunne murfi a buɗe. Kada a bar yaron shago shi kaɗai da ita. Sababbin da ake kira masu inbata ba su da wannan ƙatuwar taransfoma, amma dubban bolt ɗin suna nan.

Idan kuma, Allah Ya kiyaye, abin ya faru a gabanka, kada ka taɓa shi, kada ka ce za ka ture shi da sanda kamar yadda muke yi da wutar gida. Ka kashe daga soket ko daga babban makunni. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi a kan ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita biyar, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini. Ba a ba shi madara, ba a zuba masa ruwa, ba a binne shi cikin yashi. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta a ciki take, kuma zuciya tana iya rikicewa daga baya.

Ɗalibai, ban zo in kashe muku sha'awa ba. Wanda bai taɓa kwance rediyon gidansu ya sha duka ba, da wuya ya zama injiniya. Ana yin ƙaramin koyil ɗin Tesla da batir mai bolt 9, da tiransisto ɗaya, da resisto ɗaya, da naɗi a kan guntun bututun roba. Yana kunna ƙwan fitila mai hayaƙi a hannunka ba tare da waya ba, kuma duk ilimin lilon nan yana cikinsa. Wanda ya iya daidaita wannan ya fahimci Tesla fiye da wanda ya kwaikwayi bidiyo. Ita kanta taransfomar tana da amfani idan aka cire mata dafi: a sare siririn naɗin nan gaba ɗaya a fitar da shi, a zura kebul mai kauri zagaye biyu ko uku a gurbinsa, sai ta koma ba da bolt biyu da amfiya ɗaruruwa, ta zama injin ɗinke ƙarfe da ƙarfe. Ɓangaren Nepa yana nan da haɗarinsa, ƙarfen kuma yana ƙuna, don haka a gaban malami za a yi. Da ɗaya daga cikin biyun nan muka yi haka ni da ɗan maƙwabcina, yanzu da ita yake haɗa batiran fitilar sola, kuma ya dawo gaishe ni da fara'a.

Roƙona ga masu shaguna da masu sayen kayan gwangwan shi ne, duk taransfomar maikirowef da za ta bar hannunku, ku sa zarto ku yanke siririn naɗin kafin ta fita. Kuɗin jar wayarku bai ragu ba. Ku kuma malamai, idan ɗalibi ya kawo muku wannan a matsayin aikin kammala karatu, kada ku sa hannu. Wanda yake da irinta a gida yanzu haka, ya kawo ta ɗakin gwaji gobe da safe, za mu yanke ta tare.

 Shugaba, idan da sauran lokaci zan karɓi tambayoyi.